Yadda ake raba aiki a kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma: wa ke yin mi in ruwa ya ci gari

Duk shekara in watan Agusta ya kama, gulbin Rima ya fara cikowa, maganar da za ka ji a garuruwanmu na bakin fadama guda ce, a kira ciyaman. Gida ya faɗi a kira ciyaman, kwalbati ya karye a kira ciyaman, yara sun fara amai da gudawa a kira ciyaman, shi ko bawan Allah wataƙila shina Sakkwato wurin mitin ko ma wayar ba caji. To jama'a ba haka anka tsara aikin ba. A 1999 anka kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, kuma tsarin aikin hawa uku ne: a tarayya mataimakin shugaban ƙasa ke shugabantar majalisar hukumar, a jiha akwai SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, a ƙasa kuma kowace ƙaramar hukuma ya kamata ta kafa nata kwamitin agajin gaggawa, wanda a tsarin ƙasa mataimakin ciyaman ke jagoranta. Muna da ƙananan hukumomi 23 a jihar nan ta Sakkwato, ke nan kwamiti 23 ya kamata a ce suna numfashi. Wanga hawa na ƙasa shi ne mafi kusa da wanda ruwa ya ci, kuma shi ne wanda anka fi bari a takarda.

Ga yadda ake tada shi ya yi aiki, mataki mataki.

Mataki na farko, a zauna tun da rani a rubuta sunaye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma ta biyo da nata na wuraren da ake tsoron ambaliya kafin ruwa ya sauka, to da zarar waɗannan sun fito, cikin Maris ko Afrilu, sakataren ƙaramar hukuma ya kira zama. A wurin zaman kada a rubuta "sashen lafiya" ko "sashen ayyuka", sashe ba ya ɗaga waya da ƙarfe biyun dare. A rubuta sunan mutum, muƙaminsa, lambarsa guda biyu in yana da su, da unguwar da yake kwana, sannan a gefensa a rubuta wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Wannan na biyun yana da muhimmanci ƙwarai, don da yawa daga cikin daraktoci a cikin birni suke kwana, safiya ta yi su kamo hanya, ranar da hanyar ta yanke sai wanda ke kwana cikin garin ya riƙe aikin. A buga takardar, a yi hotokofi, a manna ɗaya a sakatariya, ɗaya ofishin DPO, ɗaya fadar uban ƙasa, ɗaya babban asibitin garin. A buɗe gurup na WhatsApp, amma na aiki kawai, ban da gaisuwar Juma'a da hotunan siyasa. Kuma kada a dogara da waya ita kaɗai, mun ga yadda anka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a 2021 saboda matsalar tsaro, don haka kowace mazaɓa a san ɗan kabu-kabu ɗaya amintacce da zai iya kawo saƙo da baki ko a rubuce.

Mataki na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta san irin tata masifar, don ba iri ɗaya ba ce. Goronyo, Wurno, Kware, Wamakko da Silame gulbi ne abin tsoronsu, tunda Rima ta nan ya biyo har ya haɗe da gulbin Sakkwato ya gangara Argungu. Madatsar Goronyo an gina ta ne ta ɗauki ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, in ta cika dole a saki, kuma duk wanda ya ga Satumban 2010 lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san abin da sakin ke nufi ga na ƙasa. Saboda haka a waɗannan wurare dole mutum ɗaya a kwamitin, galibi daraktan ayyuka, ya zama aikinsa ne riƙe lambar ma'aikatan dam ɗin da na hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, yana bugawa yana tambaya tun daga Yuli, ba ya jira sai an kira shi ba. Isa, Sabon Birni, Rabah da maƙwabtansu kuma abin da ya fi damunsu mutanen da hari ke tarwatsawa, a wayi gari ƙauye guda ya kwararo cikin gari da tabarmi a ka. Inda ake ƙetare ruwa da kwale-kwale akwai nasu, hatsarin da ya ci matasa a Shagari cikin Afrilun 2022 bai fita ranmu ba. Cikin birni gobara ce da hunturu, kamar wadda ta cinye babbar kasuwa a farkon 2021. Sai sanƙarau da bazara, irin na 2017, da kwalara da damina, waɗannan ba su bar kowa ba. Kansila da masu unguwannin mazaɓarsa su zauna su lissafa: wane ƙauye ruwa ke fara shiga, wace hanya ke fara yankewa, wane tudu ko wace makaranta za a kai mutane, kwale-kwale nawa ke akwai kuma na wa. Takarda biyu ta isa.

Mataki na uku shi ne rabon aikin kansa, kuma nan zan daɗe don nan ake samun cikas.

Mataimakin ciyaman shi ke jan kwamiti, shi ke kiran zaman gaggawa, shi ke yanke hukunci in an rasa matsaya, misali a kwashe mutanen ƙauye kaza yau ko a jira gobe. Ciyaman aikinsa sa hannu a fitar da kuɗi da buga ƙofar manya a jiha, ba rabon shinkafa ba. In ciyaman da mataimakinsa ba sa ga maciji, kuma mun san hakan na faruwa, gara tun da rani a faɗi gaskiya a ba sakatare riƙon aikin yau da kullum.

Sakatare, ko daraktan ma'aikata a inda shi ke da ƙarfi, shi ke da ɗakin aiki. Ɗaki ɗaya ne a sakatariya, da tebur, da waya mai caji da kati, da fitila, da babban littafi. Duk labarin da ya shigo a rubuta lokacin da ya shigo, wa ya kawo, mi anka yi a kai. Shi zai raba ma'aikata kwana, kada ɗakin ya zauna ba kowa. A ƙarƙashinsa akwai jami'in agaji na ƙaramar hukuma, wanda shi ne igiyar da ta haɗa ku da SEMA da ofishin NEMA na Sakkwato, shi ke cika fom, shi ke raka su in sun zo duba ɓarna. A zaɓi mai jini a jika wanda ya iya rubutu da ɗaukar hoto da waya, ba wanda ake neman inda za a ajiye shi kafin ritaya ba.

Ma'aji: a ware kuɗin ko-ta-kwana cikin kasafin shekara, kuma a yarda tun farko nawa za a iya fitarwa cikin awa ɗaya ba sai fayil ya zaga ofis biyar ba. Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, to ko ta wace hanya kuɗin ke iso muku, kwanan farko na masifa kuɗin man mota da na burodi da ruwan leda ne ke ceton rai, ba tirelar da za ta zo bayan mako biyu ba. A yi magana da gidan mai ɗaya da zai ba da mai bashi in an kawo takardar ma'aji. Kowane sisi a ajiye rasit.

Daraktan ayyuka nashi ya fara tun kafin ruwa: yashe magudanai, duba kwalbatoci, tara buhunan da za a cika da rairayi, sanin wa ke da tifa da gireda a yankin. Ranar abin shi ke faɗin wace hanya ke biyuwa wace ta mutu, kuma shi ke duba ginin laka da ya jiƙa ya ce a fita. Rushewar ɗakin ƙasa cikin dare na kashe mutane ko a inda gulbi bai kai ba.

Daraktan lafiya a matakin farko yana da mutum uku da ya kamata kowa ya san fuskarsu. Na ɗaya jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO, shi ne in an ga ko mutum ɗaya babba da zawo kamar ruwan shinkafa, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, zai ɗauki samfur ya kai rahoto jiha a ranar, ba ya jira su kai goma ba. Na biyu duba-gari, su ke da rijiyoyi da salga da shara da zuba kilorin. Na uku mai kula da rigakafi da abinci mai gina jiki, don in mutane sun cunkushe wuri ɗaya ƙyanda ba ta jira, kuma shi ke auna dantsen yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 da ɗan tef ɗin nan mai launi, duk wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tura shi wurin magani nan take. A kuma san tun farko wanda ya fi ƙarfin asibitin garin ina za a kai shi, asibitin Specialist na Sakkwato ko asibitin koyarwa, da wace mota, wa ke tuƙa ta, ina makullin ke kwana. Kada ku raina maganar makullin nan.

Daraktan noma da malaman gona su ke ƙidayar gonakin da ruwa ya shanye, shinkafa nawa gero nawa, malaman dabbobi kuma su kula da bisashe da binne waɗanda sunka mutu nesa da ruwan sha. Sakataren ilimi shi ke ba da makarantar da za a sauke mutane, ya gaya wa hedimasta tun da wuri, ya ware ajin da za a kulle benci da littattafai. Sashen jin daɗin jama'a, musamman jami'ar mata, su ke da rajista da kula da masu ciki, tsofaffi, naƙasassu, da yaran da sunka rabu da iyayensu. Kwamitin da ba mace a ciki rabin labari kawai zai ji, don akwai abin da matar aure ba za ta taɓa faɗa wa kansila ba ko da shina kashe ta.

Jami'in yaɗa labarai da na hukumar wayar da kai ta NOA: baki ɗaya ke magana da sunan kwamiti. Shi ke kai sanarwa Rima Radio da sauran gidajen rediyo, shi ke ba limamai saƙon da za a faɗa a lasifikar masallaci, shi ke tura sanƙira kasuwa. In jita-jita ta tashi cewa dam ya fashe, shi zai tabbatar daga daraktan ayyuka ya fito ya faɗi gaskiya cikin minti kaɗan. Sauran 'yan kwamiti su riƙe bakinsu da yatsunsu a Facebook, adadin mamata guda uku mabambanta daga ƙaramar hukuma ɗaya yana sa a daina yarda da ku gaba ɗaya.

DPO, sibil difens, 'yan kwana-kwana in akwai su kusa, da jami'an kiyaye haɗura na kan hanya ba ma'aikatan ƙaramar hukuma ba ne, ba a ba su umarni, roƙo da fahimta ake yi, shi ya sa ake sa su cikin kwamiti tun farko a sha shayi tare kafin ranar buƙata. Su ke tsare gidajen da anka bari, da sito, da wurin rabo. A yankunan da ke da matsalar tsaro kada ma'aikaci ya shiga ƙauye kai agaji sai sun ce hanya ta yi.

Sai iyayen ƙasa. Uban ƙasa, hakimai da masu unguwa su ne idon kwamiti, su sunka san gidan wane mutum nawa ne, kuma in an ce a tashi a bar gari maganar uban ƙasa da liman ta fi ta kowane darakta shiga kunne. Sarkin ruwa da masunta su ne masu ceto na gaskiya a ranar farko, a ba su rigunan ruwa da igiya da tocila tun kafin damina, a kuma ba su ikon hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. 'Yan agajin Izala, na Jama'atu, na Fityanu da Red Cross suna da horo da ɗa'a da yawan da gwamnati ba ta da shi, abin da ke ɓata aikinsu kawai a bar su kowa ya nufi wuri ɗaya, to a raba musu mazaɓu a rubuce.

Mataki na huɗu, ranar da abin ya auku. Mai unguwa ya sanar da hakimi da kansila lokaci ɗaya, su kuma su buga ɗakin aiki, in akwai rai cikin haɗari a gwada 112 ma, kyauta ne. Mai karɓar saƙo ya yi tambaya shida ya rubuta: mi ya faru, ina, yaushe, kamar mutum nawa, mi ake buƙata yanzu yanzu, ta wace hanya ake shiga. Mataimakin ciyaman ya kira zama a tsaye, minti ashirin ya isa, ba jawabin maraba. A tura ayari ƙarami, mutum ɗaya daga ayyuka, ɗaya lafiya, jami'ar mata, jami'in agaji da ɗan sanda, su je su gani da ido. Ceton rai ke gaba, sai kai masu rauni asibiti, sai wurin kwana da ruwan sha, ƙidayar asara daga baya. Kafin rana ta faɗi jami'in agaji ya tura wa SEMA rahoton farko ko da layi goma ne, da hotuna, a rubuta cewa adadin na wucin gadi ne. Mutane na jinkirta rahoto wai sai sun haɗa cikakke, kafin nan wata ƙaramar hukumar ta riga ku shiga layi. Kuma don Allah kada a ƙara sifiri. In gida 80 ne a ce 80, masu zuwa tantancewa za su zaga da ƙafarsu, in sun kama ƙari sau ɗaya, na gaskiyar ma sai sun yi shakkarsa badi.

Mataki na biyar, masauki da rajista. Rajista ɗaya tak, a hannun sashen jin daɗin jama'a, ana rubutawa gida gida gaban mai unguwar mutanen: sunan mai gida ko uwar gida in ita ke riƙe da gidan, mutum nawa, yara ƙanana nawa, mai ciki, mara lafiya, garin da sunka fito. A ba kowane gida kati mai lamba. Kada a manta da waɗanda sunka sauka gidajen 'yan uwa cikin gari, a ƙasar nan su ne ma sunka fi yawa, don Bahaushe in yana da ɗan uwa ba ya kwana a aji, kuma mai masaukin nasu shi ma rumbunsa ke ƙarewa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da shi shi ne aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, salga ɗaya ga mutum 20, kuma ramin salga ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Yi lissafi da kanka, mutum 600 a firamare na nufin lita 9,000 kullum da salga 30, makarantar kuwa wataƙila huɗu gare ta, biyu sun cika. Shi ya sa duba-gari da daraktan ayyuka za su fara haƙa tun ranar farko, na mata daban na maza daban, da fitila a hanyar na mata. A ajiye ma'aikacin lafiya a wurin da gidan sauro da sabulu da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, in ya ƙare a koya wa iyaye haɗin gida: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Mataki na shida, rabon kaya, inda ake ɓata suna. Duk abin da ya shigo, na NEMA ne, na jiha, na ɗan majalisa ko na wani attajiri, ya bi ta hannun mai sito a ƙirga a rubuta, mutum uku su sa hannu: mai sito, jami'in agaji, da wakilin uban ƙasa. A raba lissafin bisa rajista kafin a buɗe ƙofa, a karanta shi da ƙarfi kowa ya ji, buhu kaza ya zo, gida kaza ne, kowa zai samu kaza. A yi rabo da safe, layin mata daban, tsofaffi da masu goyo a gaba, mai kati ya dangwala ya wuce. Kansila ya tsaya ya shaida amma kada a ba shi kaso ya kai mazaɓa da kansa, ba don duk kansiloli ɓarayi ne ba, a'a, don ko waliyyi ne sai an ce ya ba 'yan jam'iyyarsu. In kaya bai isa ba a faɗa tun farko a fara da waɗanda gidansu ya rushe gaba ɗaya. Ajiye kayan abinci a sito ana jiran ranar da babban baƙo zai samu lokacin zuwa ƙaddamarwa, alhali mutane na kwana da yunwa, wannan zalunci ne ko da wane suna anka kira shi.

Na ƙarshe, bayan ruwa ya janye. Duba-gari su yashe rijiyoyin da ruwa ya shiga a zuba kilorin kafin a koma sha, DSNO ya ci gaba da sa ido makonni bayan nan don lokacin ne kwalara da zazzaɓin sauro ke tashi. Daraktan noma ya tura buƙatar iri da taki da wuri don mutanen fadama su rama da noman rani, albasa da shinkafa da alkama ba sa jiran takarda. Sakataren ilimi ya sa ranar da za a mayar wa yara azuzuwansu, a gyara abin da ya lalace. Ma'aji ya kawo lissafin abin da anka kashe gaban kwamiti. Sannan a yi zama ɗaya na awa biyu, a kira har direba da mai sito da sarkin ruwa, kowa ya faɗi inda aiki ya tsaya a hannunsa da dalili, a gyara takardar sunaye, a cire wanda anka yi wa canjin wurin aiki ko ya rasu. Littafin ɗakin aiki da rajista da rahoton duka a haɗa su fayil ɗaya a ba daraktan ma'aikata ya ajiye, kwafi ɗaya kuma a kai fadar uban ƙasa, don ciyaman da kansiloli wa'adi gare su, sabbin da za su zo su tarar da lissafin ƙauyukan da lambobin a rubuce.